Ƙosan da Ya Koma Faranti

Shekara goma sha tara Inna Dije ta yi tana suyar ƙosai a gindin darbejiyar da ke ƙofar makarantar firamaren unguwarsu, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya ce ya ci nata cikinsa ya murɗa ba. Wannan shi ne abin taƙamarta a duniya, ba ta da wani. Ba ta da gona a Batagarawa inda aka haife ta, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyarta guda ɗaya, Delu, ta rasu wajen haihuwa ta bar mata jinjira. Abin da ya rage mata shi ne kasko, da jikar nan tata Ma'u, da sunan da ta yi na mai tsabtar hannu. Duba-gari ma, wanda ba ya shiga gida ya fito bai sami abin faɗa ba, in ya zo wurinta sai ya leƙa tulu, ya shinshina mai, ya rasa ta cewa, ya sayi na karin kumallonsa ya wuce.

Tana da wata al'ada da kowa ya sani. Akwai wata kyanwa mai toka-toka da ke bin ta daga gida kullum safiya, ta kwanta a jikin saiwar darbejiyar. In Dije ta tsame suyar farko ta zuba a faranti, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta sunkuya, ta ajiye a ƙasa gaban kyanwar a hankali, don a ganinta jifa da abinci rashin tarbiyya ne ko ga dabba. Sannan ta wanke hannu a buta, ta fara sallamar yara. Daga uwarta ta gaji wannan, wadda ke cewa na farko na marar baki ne.

To, sai shekarar rabon Udoji ta zo, wato lokacin da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, gari ya rikice. Ma'aikacin da jiya yake tafiya a ƙasa yau ga shi bisa babur, rediyo rataye a kafaɗa. Malaman makarantar kowa da abin da ya sayo, wani agogo, wani keken ɗinki, wani ya ƙara ɗaki. Shi kuwa Malam Yari, malamin aji huɗu, hutu ya tafi Kaduna ya dawo da wata baƙar na'ura da ake wanawa kamar agogon bango, ya ce kyamarar ɗaukar majigi ce, wani abokinsa ya ara masa. Wata ma'aikata a can ta sa gasa, wai a shirya ɗan gajeren fim da zai koya wa yara tsabta, wanda ya ci za a tura shi ƙasar waje ya koyo aikin fim. Tun daga ranar Yari bai ƙara zancen komai ba sai wannan.

Yarin nan fa Dije ta san shi tun yana tsumma. Uwarsa Tani ƙawarta ce, katangarsu ɗaya, ta goya shi ba sau ɗaya ba. A makarantar nan ya yi karatu, kuma ranar da ya fito gida ba a ba shi komai ba, gindin darbejiya yake zuwa ya tsaya yana kallon kasko har sai ta miƙo masa. Shi ya sa da ya zo ya durƙusa gabanta wata safiya, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi Ma'u, ya tambayi ciwon gwiwarta, ba ta kawo komai a ranta ba.

"Inna, so nike in sa ki cikin majigi," in ji shi.

"Ni? Mi za a kalla a jikin tsohuwa, ɗan nan?"

"Sana'arki za a kalla. Yara su ga yadda ake abinci. Duk garin nan wa ya kai ki?"

Maganar ta yi mata daɗi, ba ta ɓoye ba. Ta taɓa ganin majigi sau biyu a fili, ta ga manyan mutane suna sauka daga jirgi, ta ga yadda ake noman gyaɗa, amma ba ta taɓa jin an sa mai ƙosai ba. Ta ce masa to, Allah ya ba da sa'a, sai dai ya faɗa mata ranar don ta yi kitso.

Kwana uku ya yi yana ɗaukarta. Na'urar na ƙara kamar keken ɗinki, shi kuma yana zagaye ta, ya tsuguna, ya miƙe, ya ce ta ɗaga kai, ya ce kada ta kalle shi. Rana ta biyu ya zo da Malama Hadiza, sabuwar malamar aji ɗaya, ta sha farar riga da farin ɗankwali. Ya roƙi Dije ta ara musu kasko da faranti. Dije ce ta soya, ita ta jera, ita ta rufe da farin ƙyallenta, Hadiza dai ta riƙe cokali daga nesa tana maƙe kafaɗa don tsoron fantsamar mai. Dije ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan ɗiya in aka bar ta da kasko gobara za a yi.

Rana ta uku ya zo da sassafe, kafin ta tsame suyar farko. Ya ce yau kyanwar yake so. Ya sa ta jira har kyanwar ta kwanta daidai, sannan ya juya na'urar ya riƙe ta a kife, gindinta sama.

"Malam Yari, karatun ya yi maka yawa halan," in ji Dije. "Ka riƙe abin a kife."

Ya yi murmushi bai ɗago ido ba. "Haka aikin yake, Inna. Ke dai ajiye mata yadda kika saba. A hankali."

Ta ɗauki ƙosai daga faranti, ta sunkuya ta ajiye, ta janye hannu. Kyanwa ta sauke kai ta lasa. Ya ce madalla, ya rufe na'urarsa, ya karɓi ƙosai uku masu zafi ya tafi yana hurawa.

Aka aika da fim ɗin Ingila a wanke, ya yi mako shida bai dawo ba. A cikin makonnin nan Ma'u, wadda ke aji biyu, ta ishi kowa. Ta faɗa wa ’yan ajinsu, ta faɗa wa mai niƙa, ta faɗa wa mata a bakin famfo cewa kakarta za ta fito a majigi. Dije na kwaɓarta a baki, amma a zuci ita ma lissafin kwanaki take.

Ranar nunawa, da hantsi aka yi. An cire katakon da ya raba aji biyar da shida, an toshe tagogi da tabarmi da barguna, janareta na ruri a bayan aji. Yara sun cika maƙil, na gaba a ƙasa, na baya bisa benci. Akwai baƙo daga Kaduna, mai kwat da tabarau, akwai hedimasta Malam Dabo, akwai iyayen yara kamar goma da aka gayyato. Aka ba Dije kujera a sahun gaba, ita da ba ta taɓa zama kan kujera a makarantar nan ba. Ta ɗaura zanen da ta ajiye tun bikin Delu, ta sa kwalli, Ma'u na zaune a ƙasa ta jingina da ƙafarta.

Fim ɗin ba ya magana, don haka Yari ne ya tsaya gefe da lasifika yana bayani, kamar yadda masu majigi ke yi. Haske ya faɗa kan farin bango. Ga ƙofar makaranta, ga yara na fitowa tara, kowa ya ga kansa ko abokinsa, aji ya kaure da ihu. Sai ga Hadiza cikin fararen kaya, gaban kaskon Dije, da farantin Dije, da ƙyallen Dije.

"Yara, wannan ita ce Malama Tsabta," in ji Yari. "Ku dubi yadda ta rufe abincinta. Wanda ya ci nata ya kwana lafiya."

Dije ta yi murmushi. Ta ce a ranta, bari dai su ga mai abin.

Sai ga ta. Fuskarta ta cika bango, kitson nan ya fito raɗau. Yara suka ɗauka gaba ɗaya, Inna Dije, Inna Dije. Ta ja mayafi ta rufe baki don kunya da daɗi, Ma'u na girgiza mata gwiwa.

Muryar Yari ta sauya, ya maƙale ta kamar mai kwaikwayon tsohuwa. "Wannan kuwa, yara, sunanta Inna Ƙazanta."

Aka yi dariya. Dije ma ta ɗan yi, don ta ɗauka tsokana ce irin ta ɗa da uwa. Amma sai fuskarta ta ɓace, ƙudaje suka cika bango, baƙi ƙirin, suna damalmala kan wani abu mai maiƙo. Ta gane teburin, na mahauta ne a bayan Babbar Kasuwa, wurin da ko wucewa ba ta yi sai ta toshe hanci. Kafin ta buɗe baki an dawo kanta tana juya ƙullu, kamar a gabanta ƙudajen suke.

Sannan kyanwa ta fito. Tana kwance a jikin saiwa, ƙosai a ƙasa gabanta, tana lasa. Ta ɗaga kai. Sai ga Dije ta sunkuyo, fuskarta a fili, ta miƙa hannu ta ɗauki ƙosan nan daga ƙasa, ta miƙe, ta ajiye shi a tsakiyar farantin yara a hankali.

Wata uwa a baya ta ce a'uzubillahi. Daga nan wuri ya ɓarke, wasu na dariya, wasu na tofar da yawu, wasu na kwaikwayon amai. A bango wani yaro ɗan aji huɗu na riƙe da ciki yana birgima, Yari na cewa ga sakamakon wanda ya saya wurin Inna Ƙazanta. Dije ba ta ga wannan ba. Idonta na kan hannunta na dama da ke bisa cinyarta, tana kallonsa kamar na wata. Ta san ba ta taɓa yi ba. Amma ga shi ta yi, ita ce, zanenta ne, zoben azurfarta ne. Ta ji Ma'u ta janye bayanta daga jikin ƙafarta.

Da aka yaye tabarmi haske ya shigo, baƙon Kaduna ya miƙe yana tafi, ya kama hannun Yari ya girgiza ya ƙi saki. Ba wanda ya kalli Dije, kuma kowa na kallonta. Ta tashi ta fita, gwiwar na yi mata ciwo, ba ta jira Ma'u ba.

Washegari ta fito kamar kullum, don ta ce in ta zauna a gida ta amsa laifi ke nan. Ta hura wuta, ta soya, ta jera, ta rufe. Aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka fito suka yi cirko-cirko daga nesa. Ba wanda ya matso. Can wani ya fara, saura suka amshe suna tafi:

"Kyanwa ta lasa, Inna ta ɗauka, wa za ya ci?"

Yaran da ta share wa majina, waɗanda ta san sunan uwayensu da kakanninsu, su ne ke wannan. Wani ya ɗauki dutse ya jefi kyanwar, na biyu ya same ta a ido, ta yi ƙara ta haye katanga. Ƙosai ya huce a faranti har mai ya daskare a jikinsa.

Kafin a tashi Malam Dabo ya aiko a kira ta. Ya gaishe ta da mutunci, ya ba ta tabarma, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana. Iyaye sun zo masa tun da asuba, in ji shi. Shi bai ce komai ba, ya san ta shekara da shekaru, amma ta ɗan dakata da zuwa har ƙura ta lafa.

"Malam, ka taɓa ganin na yi abin nan?" in ji ta.

Ya sunkuyar da kai yana wasa da alƙalami. "Inna, da wani ya faɗa mani, da na ce ƙarya yake. To, amma da idona na gani. Ke ma kina wurin."

Ta tashi ta kwashe kayanta ta koma gida. Kwana biyu ta yi a ɗaki tana juya abin. Har ta fara tuhumar kanta, ko tsufa ne ya fara taɓa ta, ko wata rana hannunta ya yi abin da ba ta sani ba. A rana ta uku ta tuna da na'urar nan a kife, ta yafa mayafi bayan la'asar ta nufi ɗakin Yari.

Ta same shi a zaure yana goge takalmi, bakinsa har kunne. Saƙo ya iso, shi ya ci gasar. Ya tashi da rawar jiki ya shimfiɗa mata darduma, ya fara jero gaisuwa. Ta katse shi.

"Yari, yaya aka yi ƙosan nan ya koma faranti?"

Wallahi da ya ji kunya, da ko kansa ya sunkuyar, da abin ya zo da sauƙi. Amma idonsa haske ya yi, kamar yaron da aka tambaya yadda ya ɗana tarko. Ya shiga ɗaki da sauri ya fito da wani guntun zaren fim da ya rage, ya ɗaga shi sama ya ce ta duba. Hotuna ne ƙanana a jere, in ji shi, ɗaya bayan ɗaya. In ka ɗauka da kyamara a kife, sannan ka juya zaren ka fara daga ƙarshe, hoto zai miƙe daidai amma aikin zai riƙa komawa baya. Wanda ya zauna zai tashi, wanda ya ajiye zai ɗauka. A wani littafi ya karanta, kuma shi kaɗai ya iya a duk waɗanda suka shiga gasar.

"Na ajiye, ka mai da shi na ɗauka," in ji Dije.

"Shi ke nan, Inna, kin gane. Kin ga da jifa kike yi, da ba ta yiwu ba, sai a ga ƙosai na tashi sama. Amma yadda kike ajiyewa a hankalin nan, ko Bature ba ya ganewa."

Yabonta yake yi, bawan Allah. Ta dube shi, ta ga har yanzu yana da tabon nan a goshi na ranar da ya faɗo daga katangarsu, ita ta danna masa tsumma har jinin ya tsaya.

"Mi na yi maka?"

"Haba Inna, wasa ne fa. Fim ne. Da farko yadda kike na shirya shi, na kalla na ga ba yaron da zai zauna. Mace na suya, tana wanke hannu, sai mi? Yara sai da wanda za su yi wa dariya, sannan darasi ke shiga. Kuma fuskarki ta dace, kowa ya san ki."

"An kore ni daga gindin darbejiya."

Ya ce bai ji daɗi ba, amma mutane akwai mantuwa, wata ɗaya ya yi yawa.

Ba ta yi masa kuka ba, ba ta zage shi ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ya sake tara yaran, ya juya zaren yadda Allah ya yi shi, su ga hannunta na ajiyewa. Sau ɗaya tak. Ya ce ai baƙon ya tafi da fim ɗin Kaduna, za a buga shi da yawa a raba wa motocin majigi su zagaya makarantun jiha. Ita kuwa ta san motar majigi na zuwa har Batagarawa, inda danginta suke.

"To ka faɗa da bakinka," in ji ta. "Ran Juma'a ana taron sallamarka, na ji. Ka tsaya gaban yara ka ce dabara ce, Dije ba ta yi ba. Kai suna jin maganarka."

Ya sosa ƙeya. Ashe ya riga ya faɗa wa mutanen Kaduna cewa a ɓoye ya kama ta tana yi, abin da ya fi burge su ke nan. Bai gaya mata wannan ba, daga baya ta ji a bakin Hadiza. Abin da ya ce mata a zauren shi ne, "In sha Allahu, Inna. Ki bar shi a hannuna."

Ran Juma'a da safe ta je, ba kasko, ba faranti. Ta tsaya a bayan katangar makaranta inda bulo ɗaya ya fita, tana hango fili. Yara sun yi layi aji-aji, ta hango Ma'u a ƙarshen layin ’yan aji biyu, ita kaɗai, an bar tazara tsakaninta da ta gabanta. Malam Dabo ya yi jawabi, ya ce Yari ya fitar da makarantar kunya, ya fitar da Katsina kunya. Sannan Yari ya hau kan benci cikin sabuwar kwat.

Ya yi magana mai daɗi, a ba shi wannan. Ya ce duk yaron da ke son ya shirya fim wata rana, ya fara da buɗe ido, ya kalli abin da ke gabansa. Ya ce labari na nan ko'ina, a kasuwa, a gida, a ƙofar makaranta. Dije ta matsa kunnenta jikin ramin, ta ce yanzu zai faɗa. Ya gyara tsayuwa ya ɗaga yatsa.

"Abu na ƙarshe, yara, ku riƙe shi da kyau. Mutum na ƙarya, amma kyamara ba ta ƙarya. Abin da ta gani shi take nunawa."

Aka yi tafi. Ta tsaya har aka gama, har layuka suka watse, ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ya sauko ana ta shan hannu da shi, wani malami ya ɗauke shi a babur suka wuce ta gabanta. Ya gan ta, ya ɗaga mata hannu.

Ta koma gida ta zauna a tsakar gida har rana ta take. Baƙin ciki ya ishe ta, amma ba ta saba zama ba, kuma akwai bakin da za ta ciyar. Ta ce Katsina da faɗi, akwai masu aikin gini a Kambarawa, baƙi ne daga ƙauyuka, ba su ga majigi ba tukuna. Ta jiƙa wake, ta surfa, ta kai niƙa can wata unguwa inda ba a san ta ba. Asabar da safe ta hura wuta a tsakar gida don ta soya ta ɗauka a kai.

Ma'u na zaune a bakin ƙofar ɗaki. Kwana biyar ke nan yarinyar ba ta da magana, in an zuba tuwo sai ta ce cikinta na ciwo, ta ci gyaɗa ko rogon da maƙwabta suka ba ta. Dije ta ɗauka tsokanar yara ce ta dame ta. Kyanwar na kwance a gindin randa da idonta guda a rufe.

Suyar farko ta yi ja, ta tsame ta zuba a faranti. Hannunta ya tafi da kansa zai ɗauki na kyanwa, sai ta tsaya. Ta kasa. Ta ɗauki ƙwayar ta miƙa wa jikarta.

"Zo ki karya, uwata."

Ma'u ta taso a hankali ta karɓa da hannu biyu, yadda aka koya mata. Ba ta kai baki ba. Ta juya ƙosan, ta duba ƙasansa, ta sake juyawa.

"Mi kike nema?" in ji Dije.

"Ba komi."

"Ma'u, dube ni. Ke da kike tare da ni kullum. Sau nawa kika ga ina ba kyanwar nan? Kin taɓa ganin na ɗauka?"

Yarinyar ta girgiza kai, idonta ya cika da hawaye. "Ban taɓa ba, Kaka."

"To ci."

"Amma na gani a majigi."

Dije ta buɗe baki za ta yi mata bayanin zare da juyawa da na'ura a kife, ta ga ita kanta ba za ta iya jera shi yadda zai shiga kan yarinya ’yar shekara takwas ba. Mai na ƙonewa a kasko, ta juya ta zuba wani ƙullun don kada ta yi kuka a gabanta.

Da ta waiwayo, Ma'u na gindin randa. Ta sunkuya, ta ajiye ƙosan a ƙasa gaban kyanwar a hankali, ba ta jefa ba, daidai yadda ta ga kakarta na yi tun tana goye. Ta janye hannu, ta goge shi a zanenta.

Dije ta tsaya da cokali a hannu tana kallon ɗan hannun nan, tana jira ko zai koma ya ɗauka. Bai koma ba. Kyanwa ta sauke kai ta fara ci, Ma'u ta shige ɗaki ta saki labule.